Ofishin Mazan Jiya: Daga Faris zuwa Ƙasar Agiye, Wa Ya Riƙe Amana?

Baƙaƙen sojojin Faransa da mutanen ƙasar Agiye da Tasawa suka gani a ƙarshen ƙarni na 19 ba da alheri suka zo ba. A 1899 ne ayarin Voulet da Chanoine ya keto daga yamma, bayan ɓarnar da ya yi a Birnin Ƙonni, yana ƙona garuruwa yana kwashe hatsi da mata. A Dankori suka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta turo ya tsayar da su, ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka kuma, a Maijirgi, sojojin nasu suka juya masu bakin bindiga. Shekara ashirin da yin wannan, ƴaƴan waɗanda suka tsira ne aka fara jerawa gaban kumandan da likita, ana duba haƙora da ƙirji, ana zaɓar wanda zai sa jar dara.

Dokar 1919 ce ta mai da ɗaukar soja abin kowace shekara a yammacin Afirka ta Faransa: aikin shekara uku, ta hanyar ƙuri'a. A takarda ke nan. A ƙauye kuwa, sarki ko mai gari ne ke kawo samarin da za a yi wa ƙuri'ar, kuma kowa ya san ɗan wa ake turawa, ɗan wa ake ɓoyewa. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin da wuri sai ya bi dare ya tsallaka ƙasar Katsina ko Daura, tunda daga Gazawa iyakar ba nisa. Kason Nijar bai kai na Sudan ta Faransa ko ƙasar Mosi ba, kuma Zabarmawa suka fi yawa a ciki, amma Hausawan Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram su ma sun ba da ƴaƴansu, sun kuwa je har Faransa da Madagaska da Indoshin da Aljeriya.

Ma'aikatar da aka ɗora wa kula da su in sun dawo ba don su aka kafa ta ba. A 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, Faransa ta buɗe ofishi don nakasassun sojojinta. A 1917 ta ƙara na marayu, a 1926 na mazan jiya gaba ɗaya, wanda ya zo da katin shaidar cewa mutum ya ga wuta da idonsa. A 1930 aka haɗa katin da ɗan kuɗin shekara. An dunƙule ofisoshin uku a 1935, a 1946 kuma ma'aikatar ta ɗauki sunan da aka daɗe ana saninta da shi, wato ofishin ƙasa na mazan jiya da waɗanda yaƙi ya shafa. Duk ginin nan a kan takarda yake tsaye. Wanda ke da lamba da kati da ɗan littafin soja, akwai shi. Wanda gara ta cinye wa littafi, ko magatakarda ya rubuta sunansa yadda kunnensa ya ji, to a idon ofis bai taɓa zuwa yaƙi ba, ko da harsashi na nan cikin cinyarsa.

Tun kafin ofishin ya ƙetaro teku, an riga an sami mai magana da yawun sojan Afirka, kuma daga kansa ya kamata a fara lissafi. Blaise Diagne, baƙar fata na farko da Senegal ta tura majalisar Faransa a 1914, shi Firaminista Clemenceau ya naɗa a 1918 ya zagaya ya samo sojoji. Ya samo fiye da 60,000 a yammacin Afirka cikin ƴan watanni, da alkawarin lambobin girma, da sauƙin haraji, da fita daga hukuncin kumandan, da hanyar zama ɗan ƙasa. Abin da ya tabbata a doka shi ne ƴancin mutanen garuruwa huɗu na Senegal: Dakar, Gore, Rufisk da Sanluwi. Sauran suka koma gida talakawan mulkin mallaka kamar yadda suka fito. A 1930 Diagne ɗin nan ne ya tsaya a Janeba yana kare aikin tilas da sunan Faransa. Ba na musun cewa ya buɗe ƙofa, amma babu wani dandali da manomin da ya rasa ƙafa zai tsayar da shi ya ce masa ina alkawari.

Yaƙi na biyu ya zo da abin da ya tilasta gyara. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Tiyaroy kusa da Dakar, sojojin da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka ce ba za su watse ba sai an biya su kuɗinsu. Aka buɗe masu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, Shugaba Hollande ya ambaci 70 a 2014, masana tarihi da dama kuwa suna maganar ɗaruruwa. Aka ɗaure 34 daga cikin waɗanda suka rayu, Lamine Guèye ya tsaya masu lauya, ba a sake su ba sai 1947. Labarin ya bi bakin sojoji har ƙauyukan da jarida ba ta zuwa.

Daga nan ne ƙungiyoyin mazan jiya suka yi ƙarfi, aka kafa reshen ofishin a Dakar da rassa a kowace ƙasa, aka shiga gina gidajen mazan jiya a manyan garuruwa, inda tsoho zai zauna a inuwa a rubuta masa wasiƙa. Tsakanin 1948 da 1950 wani hafsa, Kumandan Henri Liger, ya zagaya ƙasashen da ayarin magatakarda, suna kiran tsofaffin sojoji gari-gari, suka tattara takardun mutum kusan 250,000. Adadin kaɗai ya isa shaida: waɗannan duk mutane ne da haƙƙinsu ya kwanta shekara da shekaru babu mai nema masu. A 1950 majalisar Faransa ta amince da daidaita fansho. A ganina wannan ne lokacin da ofishin ya fi kusa da cika sunansa, kuma dalilin a fili yake. Shi ya tashi ya je wurin mutane, bai jira su nemo kuɗin mota ba. Sai dai ba don Allah kaɗai aka yi ba: tun 1946 tsohon soja ya sami ƙuri'a, jam'iyyar RDA tana zawarcinsa, gwamna kuma ba ya so ya rasa shi. Shugabancin ƙungiyoyin ma ya fi zama a hannun masu ilimin boko na birane, waɗanda ke cin abinci da gwamna ranar 11 ga Nuwamba, ranar tuna ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, alhali yawancin membobi ba sa iya karanta abin da aka sa hannu da sunansu.

A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba suka ce a'a, hukuma ta ce i, kuma tsoron rasa fansho na cikin abin da aka riƙa kaɗa wa mazan jiya a ko'ina cikin yankin. I ta ci a Nijar. Wata goma sha biyar bayan haka, ranar 26 ga Disamba 1959, majalisar Faransa ta saka sashe na 71 a dokar kasafin kuɗi: duk ƙasar da ta sami ƴancin kai, fanshon sojojinta zai daskare a inda yake. Na Bafaranshe ya ci gaba da hawa tare da tsadar rayuwa, na abokin raminsa ya tsaya cak. Zuwa 2006, nakasasshen soja Bafaranshe na karɓar kusan yuro 690 a wata, ɗan Senegal 230, ɗan Kamaru 104, ɗan Maroko ko Tunisiya 61.

Nijar ta karɓi ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, ta kafa rundunarta a 1961 da mutanen da suka fito daga sojan Faransa, reshen ofishin kuma ya zama na ƙasa, a Yamai, ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, ya yi Indoshin da Aljeriya, wanda ya gaje shi, Ali Saibou, shi ma a sojan Faransa ya tashi. Ke nan daga 1974 har farkon shekarun 1990 ƴan gida ne ke kan kujera. Duk da haka ba daga fadar wani shugaban Afirka aka fasa ƙanƙarar ba. Tsofaffin sojoji 743 na Senegal, Ibrahima Gueye a gaba, su suka kai ƙara kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ba su gaskiya a 1989, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Sai wani tsohon saje, Amadou Diop, ya bi kotunan Faransa shi kaɗai. Babbar kotun harkokin mulki ta yanke ranar 30 ga Nuwamba 2001 cewa wariya ce, amma shi ya rasu tun 1996. Aka yi gyaran rabi a 2002, aka ƙara a 2007 bayan fim ɗin Indigènes ya taɓa Shugaba Chirac, sannan kotun tsarin mulki ta rushe abin da ya rage ranar 28 ga Mayu 2010.

Ko a Amurka, inda mazan jiya ƴan asalin Meksiko suka kafa ƙungiyar American GI Forum a 1948 ƙarƙashin likita Hector Garcia, sai da aka kai ga irin wannan tambaya ta wa ya riƙe amana. A 2007 Ken Burns ya shirya dogon fim kan yaƙin duniya na biyu babu su a ciki. Manyan ƙungiyoyi suka zauna da shi suka sasanta, aka ƙara ƴan mintoci, amma waɗanda suka fara tayar da maganar, irin su Maggie Rivas-Rodriguez, suka fito fili suka ce abin bai wadatar ba. Bambancinsu da namu shi ne, can na ƙasa yana da bakin da zai tuhumi wanda ya sa hannu a madadinsa.

Nasarar 2010 ta zo da sharaɗin da ya mai da mu kan takarda. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2011 ta daidaita wani ɓangare kai tsaye, amma cikakken gyara sai wanda ya rubuta ya nema, cikin wa'adi. Takardun aikin sojojin suna garin Pau, ofishin fanshon soja yana La Rochelle. Gwauruwar da ke Gidan Runji, wadda lambobin mijinta ke ƙulle cikin tsumma a gindin akwati tare da littafin da ruwan damina ya jiƙa, ba ta da hanyar jin wannan sai in wani ya zo ya gaya mata. Wannan wanin shi ne ofishin, da shugabannin ƙungiya da aka zaɓa ko aka naɗa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yanzu sojojin Faransa sun bar Nijar tun Disamban 2023, ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a farkon 2024, nauyin ya ƙara komawa kansu kacokan.

Ga kuma sababbin marayu. A Inates, Disamban 2019, sojoji 71 suka kwanta dama, a Cinagodar wata guda bayan haka 89. Waɗannan ba Faransa ce za ta biya su ba, mu ne, kuma babu wata doka ta 1959 da za a laɓe a bayanta.

Abin da nake roƙon ofishin mazan jiya da shugabannin rassansa a jihar Maraɗi ba ya buƙatar izinin kowa daga waje. Su fito rangadi kamar na 1948, ranar kasuwa, a Agiye da Gazawa da Gidan Runji, su rubuta sunan kowane tsohon soja da gwauruwa da maraya. Su liƙa a ƙofar ma'aikatar magajin gari yawan takardun da suka karɓa, da waɗanda aka biya, da waɗanda suka maƙale da inda suka maƙale, a kuma karanta da Hausa a rediyon gari sau ɗaya a shekara. Ku kuma da kakanku ya bar littafin soja ko kati, ku ɗauki hotonsa da waya tun yau, kada ku miƙa na ainihi ga kowa sai an ba ku rasit mai sa hannu da hatimi.