Inshorar Lafiya ta Bai Ɗaya a Amurka

Tsari ne wanda hukuma kaɗai ke biyan kuɗin jinyar jama'a daga baitulmali, ko da likitocin masu zaman kansu ne, kamar yadda lardin Saskatchewan na Kanada ya shimfiɗa a 1962. A Amurka kuwa, bayan Shugaba Truman ya gabatar da shawarar inshorar ƙasa a 1945, Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ɗora wa kowane mamba dala 25 domin yaƙar shawarar, ta yi ta yayata cewa gurguzanci ne, har al'amarin ya bi ruwa, sai a 1965 aka kafa shirin inshorar Medicare domin dattawa kawai. Wani cikas kuma shi ne, tun hukuncin kotu a shari'ar Citizens United a 2010, kamfanoni na iya kashe dukiya ba haddi wajen tallata 'yan takara, alhali maslahar kamfanonin inshora tana cikin rashin tsarin inshorar bai ɗaya.