Barasa da Hanyar Arewa a Togo

Wanda ya san Pagala ya san gari ne na bakin hanya. Babban titin da ya taso daga Lome ya wuce kusa da ita, ya bi ta Sokode har Dapaong, kusa da iyakar Burkina Faso. Abin da ya bi hanyar nan, mai kyau da marar kyau, sai ya yada zango a wurinmu.

Kakanninmu na arewa sun san burkutu, wanda a nan ake kira cukutu. Mata ke dafa shi da dawa, a sha ranar kasuwa ko wurin gayya. Barasa mai ƙarfi kuwa ta teku ta zo. Da Jamus ta kama Togo a 1884, 'yan kasuwar Hambug suka yi ta sauke kwalabe a bakin ruwa. Shugaban Mishan na Biremen, Franz Michael Zahn, ya tashi tsaye yana faɗa da wannan ciniki, har suka yi ja-in-ja da babban attajiri Adolph Woermann. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusal don rage shigar barasa Afirka. Amma daga baya mutanen kudu suka koyi tace bammi da kansu, suka sami sodabi. Da jirgin ƙasa da motoci suka buɗe arewa, sodabi ya hau tare da gishiri da atamfa. Doka ta tsare tashar jirgin ruwa, ga tukunya kuwa a bayan gida.

A zamaninmu ƙwaya ta biyo sawu, musamman taramol, wadda 'yan acaba da leburori ke sha don su kashe gajiya. Togo ta kafa dokar miyagun ƙwayoyi a 1998. Kamu ya yi sauƙi, magani ne ya yi nisa. Asibitin masu taɓin hankali na gwamnati yana Zebe, a Aneho, can bakin teku. Mutumin Dapaong sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ya kai. Shi ya sa gidan kula da masu ciwon hankali da sistoci suka riƙe a Dapaong ya zama babban taimako.

Ga wurin da nake jin nauyi. Nisa ba ta kai kunya hana mutane zuwa magani ba, mu kuma masu bi muna da hannu a ciki. Mun iya sa mashayi a horo, mu hana shi Jibin Ubangiji, mu kira sunansa a gaban jama'a. Na taɓa karanta irin wannan sanarwa da bakina ran Lahadi. Mutumin bai ƙara taka ƙofar majami'a ba, matarsa ma ta koma zama a bencin baya. A wasu sansanonin addu'a na ƙasar nan har mari ake sa wa irinsu a ƙafa.

Alhali kuwa akwai wata hanya tun dā. A 1877 wani fasto a Janeba, Louis-Lucien Rochat, ya kafa ƙungiyar Shuɗin Gicciye. Shi ba mashayi ba ne, amma ya bar ruwan inabi ɗungum domin kada wanda ke fama ya tsaya shi kaɗai. Ƙungiyar ta iso Togo, ko da yake a Pagala ban taɓa jin an ambace ta daga kan bagadi ba.