Shara, Kwata Da Fili: Abin Da Ɗan Takarar Ciyaman Zai Iya Da Wanda Ba Zai Iya Ba

Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, sai ka ga 'yan takara sun yi wa fadar Sarkin Hausawa tsinke. A sha ruwa, a ɗauki hoto, a yi alkawari uku: ba za a tashi kasuwarku ba, za a yashe muku kwata, za a ba ku fili. Na zauna a irin wannan taro ba sau ɗaya ba, kuma abin da ke damuna shi ne ba a cika samun mai tambayar ɗan takarar ko abin a hannunsa yake ba. Shi ya sa na haɗa wannan bayani domin a ajiye. Na yi misali da Legas ne saboda ita na fi sani, amma dokokin tarayya da zan ambata ɗaya suke a Ibadan, Fatakwal da Benin.

Mu fara da fili, don nan aka fi yi mana romon baka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Ƙasar da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke da iko da ita, shi ke sa hannu a takardar mallaka da ake kira C of O. Ƙaramar hukuma ikonta yana kan ƙasar da ba birni ba, inda za ta iya ba da izinin zama irin na gargajiya, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. To Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, wanne ne ƙauye a ciki? Babu. Saboda haka wanda ya ce zai ba ku fili a cikin Legas, iyakacinsa ya ba ku rumfa a kasuwar da ke ƙarƙashin hukumarsa, ko ya raka ku Alausa. Takardar rabon rumfa kuwa ba takardar mallakar ƙasa ba ce. Kuma a san cewa dokar ta bai wa gwamna damar karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ake biya ta gini ce da abin da aka shuka ko aka gyara a wurin, ba ta ƙasar kanta ba.

Ina ne ciyaman ke da ƙarfi? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa su: kafa kasuwanni da kula da su, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, kwashe shara da ƙazanta, gina tituna da magudanun ruwa na cikin unguwa, sa wa tituna suna da gidaje lamba, da kula da shaguna da wuraren sayar da abinci. Duba jerin nan da kyau, kusan rayuwarmu ce baki ɗaya.

Sai dai a Legas jiha ta riga ta shiga gonar ƙananan hukumomi sosai. Shara tana hannun LAWMA da kamfanonin PSP da ke bi gida-gida. Manyan magudanu na ma'aikatar muhalli ne. A Oktoban 2023 jiha ce ta rufe kasuwar Mile 12 na wasu kwanaki kan rashin tsafta, a Yunin 2025 kuma ita ta rufe mayankar Oko-Oba da ke Agege. Hana robar zuba abinci ta sitairofom a Janairun 2024, jiha ce. Hana acaba a Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, jiha ce. Dokar hana kiwon sake ta 2021, ita ma haka. Ko ɗaya babu wanda ciyaman zai iya sokewa.

Kada wannan ya sa a ce kujerar banza ce. Kasuwa ba ta wayar gari a rufe haka kawai. Kafin jami'an jiha su zo da sarƙa da kwaɗo, an yi watanni shara na taruwa, kwata ta toshe, an karɓi kuɗin tikiti kullum ba a ga aikinsa ba. Wannan tazarar ita ce filin ciyaman da kansila.

A iya saurarona, matsayin 'yan takara kan waɗannan batutuwa bai cika wuce kala uku ba, ko wace jam'iyya suke. Akwai mai maganar "zamanantar da kasuwa". Wannan kalma a buɗe mata kunne, don sau da yawa ma'anarta a rushe rumfuna, ɗan kwangila ya gina shaguna masu hawa, a sayar da su a farashin da mai tallan albasa ba zai iya ba. Ba na cewa gyara laifi ne, wasu kasuwanninmu wallahi suna buƙatarsa. Amma a tambaye shi: ina za mu zauna lokacin gini, wa zai fara samun shago in an gama, nawa ne, kuma za a rubuta? Akwai mai maganar tsafta da tilastawa, wanda shirinsa kama masu baro da 'yan gwangwan da masu kasa kaya a bakin titi ne. Shi kuma a tambaye shi inda ya tanadar musu, domin yawancinsu yaranmu ne, kuma mai tsintar ƙarfe da roba rage wa gari shara yake. Na ukun shi ne mai cewa "ba wanda zai taɓa ku". Ya fi daɗin ji, ya fi kowa rashin amfani.

Batun mayar da kasuwa wani wuri ma a riƙa tunawa da tarihi. Bayan rikicin Mile 12 na Maris 2016 an yi maganar mayar da ita Imota, can yankin Ikorodu. Bayan rikicin Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, 'yan kasuwa da dama sun watse zuwa wasu wurare. Irin wannan shawara a sama ake yanke ta, amma bakin ciyaman yana da nauyi a teburin, don haka a nemi jin ra'ayinsa tun bai hau ba.

Maƙabarta kuwa tana cikin aikinsa kai-tsaye, kuma ban taɓa jin an sa ta a gaba a taron kamfen ba. Unguwa ta cika, mamata na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa.

Abu biyu na ƙarshe don masu ajiye bayani. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da kundin tsarin mulki ya sani, da wasu 37 da ake kira LCDA waɗanda jiha ta ƙirƙira a 2003, jimilla 57, kuma hukumar zaɓen jiha LASIEC ce ke shirya zaɓensu, ba INEC ba. An yi na baya-bayan nan ranar 12 ga Yulin 2025, APC ta lashe kujerun ciyaman duka. Sannan a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce shugabannin riƙo da gwamnoni ke naɗawa ba sa bisa doka. Don haka in ɗan takara ya ce babu kuɗin yashe kwata, a tambaye shi nawa ke shigowa hukumar a wata, kuma ko zai riƙa liƙa lissafin a allon sakatariya.