Baƙo da Ɗan Gida a Faifan Mai Talla: Tarihin Kayan Marmari a Kasuwannin Kano

Baƙon da ya zo hutu Kano, ya sauka a Babban Giji ko Gyaɗi-Gyaɗi, da wuya ya koma gida bai bi ta titin Zariya ya leƙa kasuwar 'Yan Lemo ba. Can zai tarar da lemo da ayaba da abarba da mangwaro tuli-tuli, har ya ɗauka cewa abin da ƙasar Kano ta gada ke nan tun kaka da kakanni. Alhali kuwa galibin waɗannan kaya baƙi ne kamarsa, kuma harshen Hausa ya adana labarin zuwan wasunsu.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ake danganta kafa kasuwar Kurmi da shi, Kano matattarar fatake ce. Ayarin Azbinawa kan kawo gishiri da dabino daga arewa, fataken Gwanja kuma su kawo goro. A wancan lokaci marmarin talaka na daji ne: ɗinya, kanya, magarya, goriba, aduwa, taura, tsada da gwandar daji.

Bayan shekarar 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka haɗa nahiyar Amurka da sauran duniya, sai sababbin tsirrai suka fara shigowa Afirka, wasu ta gaɓar teku a hannun Turawan Fotugal, wasu ta ƙasashen Larabawa. Masara da rogo da gyaɗa da dankali da gwanda da barkono duk asalinsu Amurka ne. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya lissafa doya da dankali da kankana da gwanda da lemun tsami da dabino cikin abubuwan da ya gani a kasuwa. Shi ma Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya ambaci itatuwan gwanda da na dabino a cikin birni. Wato ke nan, kafin zuwan mulkin mallaka a 1903 baƙin tsirrai sun riga sun zama 'yan gari.

Ga mai nazarin harshe, sunayen nan hujja ce. Akwai hanyoyi uku da Bahaushe ya bi wajen raɗa musu suna. Ta farko, ya jingina abu ga ƙasar da ya zaci daga can ya fito, kamar masara, wadda sunanta ke nuni ga Masar. Ta biyu, ya ari sunan tsohon abu ya ba sabo: gwandar daji ce ta fara amsa sunan gwanda, sabuwar kuwa aka ce mata gwandar Masar, daga baya ta ƙwace sunan ɗungurungum. Haka aka sami dankalin Turawa a gefen dankalin Hausa, ko da yake dukkansu biyu daga Amurka suke. Ta uku ita ce aron kalma kai tsaye, kamar lemo daga Larabci, da tumatir da kashu daga Ingilishi.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da shimfiɗa hanyoyin mota daga baya, su suka sauya al'amarin gaba ɗaya. Kayan da a da ba sa jure tafiyar jaki na makonni suka riƙa isowa daga kudu da ɗanyantakarsu. Kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 kuma ta bunƙasa noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da albasa suka yawaita. Da yawa daga cikin waɗannan kaya ta titin Zariya suke shigowa, saboda haka ba abin mamaki ba ne da cinikin lemo da ayaba ya yi sansani a wannan kusurwa ta gari. A daidai wannan zamani ne birni ya faɗaɗa ya haɗiye gonakin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, aka sare itatuwa, aka yi gidaje.

A nan ne asarar take. Baƙon marmari ya sami rumfa da dillalai da manyan motoci, ɗan gida kuwa ya koma faifan 'yar talla a bakin makaranta. Yaron da ya tashi a Babban Giji yau ya san abarba sarai, amma da wuya ya bambance itacen kanya da na ɗinya. Idan itace ya ɓace daga idon mutane, sunansa kan bi shi, tare da karin magana da kacici-kacicin da aka gina a kansa. Mai jin an ce "hanjin jimina, akwai na ci akwai na zubarwa" yana buƙatar sanin jimina. Haka mai jin kirarin aduwa ko goriba.

Saboda haka aikin da ke gaban malaman Hausa da ɗalibansu shi ne su shiga kasuwannin ƙauye da na unguwa, su tattara sunayen 'ya'yan itatuwan gida da lokutan nunarsu da yadda ake sarrafa su, tun tsofaffin da suka san su suna raye.