Kiɗan da ba shi da fuska: daga kwalkwalin Paris zuwa kaset ɗin Yamai

A al'adar Bahaushe makaɗi ba ya ɓoye kansa. Kafin ya wasa ubangidansa sai ya yi wa kansa kirari, ya ambaci sunansa da na garinsu, domin sunan nan shi ne jarinsa. Wannan ne ya sa na tsaya na yi dogon nazari a kan wata gardama da ta kaure tsakanin ɗalibaina a Gazawa, game da wasu makaɗa biyu na ƙasar Faransa waɗanda suka yi suna da ɓoye fuska.

Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo sun kafa ƙungiyar Daft Punk a birnin Paris a shekarar 1993. Da kiɗansu na na'ura ya karɓu, sai suka koma bayyana da kwalkwali irin na mutum-mutumi, har suka riƙa ba ƴan jarida labari cikin raha cewa wani hatsari ne a ɗakin ɗaukar sauti ya rikiɗa su a ranar 9 ga watan Satumba na 1999. Daga nan masoyansu suka shiga shaci-faɗi. Wasu suka ce hayar mutane suke yi su sanya kwalkwalin a wajen bukukuwa, wasu kuma suka dage cewa faifan Human After All na 2005, wanda masu sharhi suka kushe, ya fi sauran daraja. Sun sanar da rabuwarsu a watan Fabrairu na 2021, amma gardamar ba ta mutu ba, tun da ga ta har a cikin ajinmu.

Abin da na tambayi yaran shi ne: ko sun san Nijar ma tana da nata kiɗan na'ura marar fuska, wanda ya girmi na Faransawan nan da shekaru goma sha biyar? Aji ya yi tsit.

A shekarar 1978 Mamman Sani Abdoulaye, tsohon malamin makaranta kuma ma'aikacin UNESCO, ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da wata na'urar kiɗa ta lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya ɗauki kaset ɗin da aka sani da La Musique Électronique du Niger. Kwafi kaɗan ƙwarai aka buga. Amma sautinsa ya shiga kowane gida, domin rediyo da talabijin na ƙasa sun yi shekaru suna sanya kiɗansa a tsakanin shirye-shirye. Duk wanda ya taso yana sauraren Muryar Sahel a Agye ko Gidan Rumji ya san wannan amo. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a gidan tarihi na Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, sannan duniya ta ji sunan mai shi.

Zuwan wayar salula ya ƙara faɗaɗa wannan ɓata suna. A tashoshi da kasuwannin da ke kan babbar hanya mai lamba 1, masu tura waƙoƙi suna cika wa mutum katin waya da ɗaruruwan kiɗe-kiɗe, da yawansu ba suna ba kwanan wata. Haka kiɗan Hama, wani direba a Yamai, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin a fitar da faifansa Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Haka kuma waƙoƙin da Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008 suka ƙetare Sahara, sai da aka yi cigiyarsa kafin a haɗa muryar da mai ita.

A nan bambancin yake, ya mai karatu. Faransawan nan da gangan suka rufe fuska, alhali sunayensu na rubuce a kan kowane faifai, haƙƙinsu kuma yana shiga aljihunsu. Ɓoyonsu ado ne, har ma talla. Namu kuwa ba su zaɓa ba. Rashin rubutawa da rashin adanawa ne suka shafe su, aka wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gyara yana hannunmu. Gidajen rediyon karkara su riƙa faɗin sunan makaɗi duk lokacin da suka sanya kiɗansa. Makaɗa su yi rajistar ayyukansu a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, wato BNDA. Mu malaman Hausa kuma mu tura ɗalibai su zauna da tsofaffin unguwa, su rubuta sunayen makaɗan garuruwansu tun masu tunawa suna raye. Na ba ajina wannan aiki, kuma na shaida musu cewa wanda ya kawo mini sunan makaɗi ɗaya da aka manta ya fi wanda ya gano sirrin kwalkwali maki.