Osibisa: Ƙungiyar da Ta Yi Ta Sauya Makaɗa Fiye da Shekara Hamsin

A Karaga ko Yendi, makaɗin fada ba ya neman aiki, gadonsa yake yi. Ɗan makaɗi yana tashi ya tarar da kalangu a rataye a ɗakin ubansa, ya koyi kirarin sarakunan Dagomba a bakin baffanninsa, in tsoho ya kwanta dama akwai mai ɗauka. Ƙungiyar Osibisa, wadda ta fi kowace ƙungiyar kiɗa ta Gana suna a duniya, ba ta samu wannan gatan ba. A baƙon wuri aka kafa ta, da mutanen da ba gari ɗaya suka fito ba, kuma tun tana 'yar shekara uku aka fara ficewa daga cikinta. Duk da haka ta haura shekara hamsin.

Tushenta Teddy Osei ne, haifaffen Kumasi, mai busa saksofon. Ya yi suna a kiɗan hailaif da ƙungiyarsa ta Comets kafin ya tafi Landan a 1962. A 1969 ya jawo ƙanensa Mac Tontoh, mai busa ƙaho, da tsohon abokin sana'arsa Sol Amarfio, mai ganguna. Su uku ke nan daga Gana. Sai Lasisi Amao daga Najeriya, da wasu uku daga tsibiran Karibiyan: Wendell Richardson na Antigua a jita, Spartacus R na Grenada a jitar bas, Robert Bailey na Trinidad a piyano da ogan. Bakwai cif.

Lokacin ya yi musu daidai. Samarin Ingila sun fara gundura da gajerun waƙoƙin rediyo, sun koma ga wani salon rok mai dogon zango, wanda ake sauya taki a tsakiyar waƙa, a bar kowane makaɗi ya baje basirarsa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi cikin gangunan Afirka. A 1971 suka fitar da faifai biyu, Osibisa da Woyaya, ƙarƙashin kulawar Tony Visconti, wanda ya yi aiki da David Bowie. Roger Dean ne ya zana giwaye masu fukafukai a bangon fayafayan, shi ne kuma ya shahara da zanen fayafayan ƙungiyar Yes. Fayafayan Osibisa biyun duka sun kai mataki na 11 a jerin fayafayan da aka fi saye a Birtaniya.

Daga nan aka fara watsewa. Bayan faifai na uku, Heads, a 1972, Spartacus R ya tafi, Jean Dikoto Mandengue na Kamaru ya karɓi bas. Richardson ya bi ƙungiyar Free zuwa rangadin Amurka. Amao ya fita, Bailey ma ya bi baya. Cikin ɗan lokaci ba sauran kowa daga bakwai ɗin farko sai 'yan Gana uku.

A ganina wannan ficewar ta taɓa kiɗan sosai, kuma masu ba da tarihin ƙungiyar a Gana ba su cika tsayawa a kanta ba. Ana yawan faɗin Osibisa tamu ce, kuma gaskiya ne, amma zafin jitar Richardson da nauyin bas ɗin Spartacus su ne suka sa Bature mai sauraron rok ya tsaya ya kasa kunne. Wanda ya saurari Woyaya sannan ya saurari Happy Children na 1973 zai ji bambancin da kunnensa. Waƙoƙin sun fara gajarta, sun karkata ga rawa.

Sababbin da suka shigo ba kanwar lasa ba ne. Kofi Ayivor ya zo da gangunansa, Mike Odumosu na Najeriya ya riƙe bas, Richardson kuma ya dawo. Da wannan zubin aka yi Welcome Home a 1975 da Ojah Awake a 1976, aka samu waƙar Sunshine Day, wadda har yau ake sakawa a gidajen rediyo. A 1980 suna cikin waɗanda suka yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabuwe, daga baya kuma suka yi rangadi a Indiya inda suka tara jama'a masu ɗimbin yawa.

A cikin waɗannan sababbin, labarin Kiki Gyan ne ya fi sosa rai. Yaron Takoradi ne, bai kai shekara ashirin ba ya zauna a kujerar Bailey, hannunsa kuma ya ba manya mamaki. Ya bar ƙungiyar a 1979 don cin gashin kansa, ya yi faifai mai kyau, daga baya miyagun ƙwayoyi suka kama shi. Ya rasu a Gana a 2004 cikin rashi. Yaro ne da aka ɗauka daga gida aka kai shi manyan biranen duniya, ga kuɗi ga tafi, babu babba na jini da zai tsawata masa. Ina ganin duk mai shirin tura ɗansa waje saboda baiwar kiɗa ya kamata ya san wannan labari.

Bayan 1980 kasuwa ta juya. Disko da na'urorin kiɗa suka rage wa manyan ƙungiyoyi daraja, don ciyar da mutum bakwai ko takwas a kan hanya ba ƙaramin kuɗi ba ne. A Gana ma dokar hana fitar dare ta farkon mulkin Rawlings ta durƙusar da wuraren rawa. Mac Tontoh ya komo Gana ya kama nasa aikin. Teddy Osei ya zauna a Landan yana riƙe da sunan, yana ɗauko matasa irin su Kari Bannerman da Bessa Simons da Gregg Kofi Brown. Abin da ya hana ƙungiyar mutuwa ke nan: mutum ɗaya da ya ƙi sakin ragama, da waƙoƙin da duk wanda ya shigo dole ya koye su yadda aka kafa su.

Mac Tontoh da Spartacus R sun rasu a shekara ɗaya, 2010. A 2021 aka fitar da faifan New Dawn, Gregg Kofi Brown na gaba, Robert Bailey kuma ya sake zama a kujerarsa ta da. Sol Amarfio ya rasu a 2022, Teddy Osei kuma a watan Janairun 2025 a Landan.

Kira na ga masu gidajen rediyo a Tamale da Salaga da Bawku shi ne su nemi fayafayan 1971 ɗin nan biyu su riƙa sakawa, ba Sunshine Day kaɗai ba, kuma in za su gabatar da su, su ambaci makaɗan bakwai ɗin nan da sunayensu.