Abdón Porte: ɗan ƙwallon Nacional da ya kashe kansa a 1918

Abdón Porte ɗan ƙwallon ƙafa ne na ƙasar Yurugwai, a Kudancin Amurka. An haife shi a lardin Durazno a 1893, ya rasu a Montevideo ranar 5 ga Maris, 1918. Magoya baya suna yi masa laƙabi da El Indio.

Ya fara da ƙananan ƙungiyoyi biyu, Colón da Libertad, kafin ya koma ƙungiyar Nacional a 1911. A tsakiyar fili yake wasa, inda ake tare harin abokan karawa a kuma raba ƙwallo, an kuma san shi da ƙarfin jiki da iya buga ƙwallo da kai. Ya buga wa Nacional wasa 207, ya zama kyaftin, ya ɗauki kofin ƙasa sau huɗu: 1912, 1915, 1916 da 1917. Yana cikin tawagar Yurugwai da ta lashe gasar Kudancin Amurka ta 1917. A lokacin ƙwallo ba ta zama sana'ar albashi a ƙasar ba, sai a 1932, don haka abin da ɗan wasa ya dogara da shi shi ne suna da gurbi a cikin sha ɗayan farko.

Wannan gurbin ne ya kuɓuce masa a farkon 1918. Shugabannin ƙungiya suka ga ƙwazonsa ya ja baya, suka yanke shawarar ɗora Alfredo Zibechi a wurinsa. Ranar 4 ga Maris ya buga wasan da Nacional ta doke ƙungiyar Charley da ci 3 da 1, ya zauna liyafar dare da abokan wasansa kamar yadda aka saba. Bayan an watse ya tafi Parque Central, filin wasan Nacional, shi kaɗai, ya kashe kansa. Mai kula da filin ne ya tarar da gawarsa da asuba. Saura wata guda a ɗaura masa aure.

Ya bar wasiƙa ga shugaban ƙungiya, José María Delgado, yana roƙon a kula da iyalinsa, a kuma binne shi a maƙabartar La Teja kusa da 'yan'uwan nan Bolívar da Carlos Céspedes, taurarin Nacional da agana ta kashe a 1905. An cika masa wannan buri.

A shekarar ce marubuci Horacio Quiroga ya gina gajeren labarinsa, Juan Polti, half-back, a kan mutuwar. Marubuci Eduardo Galeano ma ya yi rubutu a kanta daga baya. Nacional ta raɗa wa ɓangare ɗaya na kujerun 'yan kallo sunansa a Gran Parque Central, wato filin da ya rasu a ciki, wanda ya karɓi ɗaya daga wasannin buɗe gasar cin kofin duniya ta 1930.

Magoya bayan Nacional suna ambaton Porte a matsayin ƙololuwar biyayya ga rigar ƙungiya, suna ɗaga tutoci da sunansa. Wannan kirarin yana rufe abin da ya fi ciwo: saurayi ne ɗan shekara 25 da ya ɗauka rayuwarsa ba ta da daraja idan babu ƙwallo, kuma ya ci abinci a tsakiyar abokansa ba wanda ya gane halin da yake ciki. Ya cancanci girmamawa saboda shekaru bakwai da ya yi yana taka leda a Nacional, amma mutuwarsa asara ce, ba jarumtaka ba.